Murabba'i Zalla ko Ido Ne Alƙali? Taƙaddamar Masu Saƙa Ragar Mutum-mutumin Kwamfuta

Duk gwarzon da ka gani a fim ɗin katun na zamani ko a wasan bidiyo, in aka yaye masa launi da fata, abin da zai rage raga ce. Ɗigogi ne a sarari, an haɗa su da layuka, layukan sun kewaye ƙananan filaye, filayen nan kuwa su ne jikin. Fili mai gefe uku shi ne alwatika, mai gefe huɗu murabba'i, ko da gefunan ba su zo daidai da juna ba. A raga mai tsari, layuka huɗu ne ke haɗuwa a kan kowane ɗigo, biyu na tsaye biyu na kwance. Ɗigon da ya saɓa wa haka, ya tara uku ko biyar ko fiye, shi 'yan sana'ar ke kira pol, mu dai a nan cibiya za mu ce masa. Inda cibiya ta zauna, nan layuka ke sauya hanya, nan kuma fatar ta fi saurin tsukewa.

A kan wannan 'yar aba aka daɗe ana kai ruwa rana. Ɓangare guda, mu kira su 'yan ƙa'ida, sun ce ragar gwarzo ba ta da wurin alwatika ko ɗaya, dole layuka su bi tsokar jiki, kowace cibiya kuma a dasa ta da hannu a inda aka yi shawara. Ɗaya ɓangaren, 'yan sassauci, sun ce wannan tsauri ne da aka gada ba a bincika ba. In hoto ya fita tas, gwarzo ya motsa bai karye ba, ina ruwan ɗan kallo da abin da ke ƙarƙashi? Matasanmu da ke koyon manhajar Blender ta YouTube sukan ci karo da rigimar tun da wuri. Wannan malami ya ce kul ka bar alwatika a jiki, na gaba ya ce ɓata lokaci ne gudun ta. Kuma duka biyun ƙwararru ne, da wannan aiki suke ci.

Abin da 'yan ƙa'ida ke cewa

Hujjarsu ta farko daga lissafi ta fito. A 1978 Edwin Catmull da Jim Clark suka wallafa wata dabara ta lausasa raga mai kaushi: a tsaga kowane fili gida-gida, a ja kowane ɗigo kusa da matsakaicin maƙwabtansa, a sake maimaitawa. Ka ɗauki akwati mai kusurwa takwas ka bi da shi ta nan sau uku, sai ga shi ya kusa zama ƙwallo. Dabarar ba ta yi tashe ba sai a 1997, lokacin da Pixar ta yi gajeren fim ɗinta Geri's Game, na wani tsoho da ke buga ces shi da kansa a lambu. Kafin nan, har a Toy Story na 1995, faci-faci ake harhaɗawa a yi jiki, in gwarzo ya motsa sai a yi ta fama kada mahaɗar ta buɗe. Kan tsohon nan kuwa raga ɗaya ce ba mahaɗa, haka hannayensa. Fim ɗin ya ci Oscar, dabarar ta zama hanyar kowa a manyan gidajen fim, har Pixar ta saki manhajarta OpenSubdiv kyauta a 2012, Blender ma ta koma kanta a sigar 2.80 ta 2019.

To ita wannan dabara murabba'i ne abincinta. Inda layuka huɗu suka haɗu, fatar da take fitarwa santsi biyu gare ta: babu kaifi, kuma lanƙwasar kanta a hankali take sauyawa. A kan cibiya kuwa santsi ɗaya kaɗai lissafi ya lamunce. Ba za ka ga kaifi ba, amma lanƙwasar tana tuntuɓe, kuma yawan layukan da suka taru yawan tuntuɓen. Mai shakka ya buɗe Blender ya ɗauko ƙwallon nan da take zuwa da shi, mai layuka 32 da suka taru a ƙoli, ya lausasa shi, ya shafa masa fenti mai ƙyalli irin na mota, ya juya shi a gaban fitila. Zai ga tsakar kan ta tattare, hasken ya tsattsage ya yi tauraro. Abin da ake gudu ke nan a goshin jaruma.

Hujja ta biyu ita ce motsi, a nan kuma suka fi kafewa. Tsokar da ke rufe idon ɗan Adam zobe ce, wadda ke tsuke baki ma zobe ce. Bay Raitt, wanda ya gina fuskar Gollum a kamfanin Weta na New Zealand domin fim ɗin The Two Towers na 2002, shi ake jingina wa yaɗa koyarwar cewa layukan raga su ma su yi zobba a kewayen ido da baki, su bi tsoka sau da ƙafa. In ka duba ragar fuska da aka saƙa a kan wannan tafarki, za ka ga zobba uku ko huɗu sun zagaye kowane ido, adadin ɗigogin fatar ido ta sama daidai da na ƙasa, domin in aka ƙifta kowanne ya sauka a kan abokinsa. Haka leɓen sama da na ƙasa. Sannan akwai wani dogon zobe da ke tasowa daga gefen hanci, ya gangaro ta gefen baki, ya zagayo ta saman haɓa. Shi ne ke ɗauke da tsagin nan da ke fitowa in mutum ya yi murmushi. In layukan sun ratsa tsagin a karkace maimakon su kwanta a cikinsa, murmushin zai fito da tsini-tsini, kuma babu yawan ƙarin filaye da zai share shi gaba ɗaya.

Zobban ido da na baki dole su haɗu a wani wuri a kumatu, inda suka haɗu kuwa cibiya mai biyar ce ke tsirowa. Ɗan ƙa'ida zai tura ta sama, kan ƙashin kumatu, inda fata ba ta cika motsi ba. Ba zai taɓa barin ta a kusurwar baki ko a kan fatar ido ba. Cibiyoyi masu uku kuma ya kai su kan hanci da gefunansa, inda dama jiki ya yi tudu. A ganinsa tun ran gini ran zane: cibiyar da ka bari a mugun wuri yau, wanda zai sa wa gwarzon ƙashi ne zai biya kuɗinta bayan wata biyu.

Martanin 'yan sassauci

Su kuwa da na'ura suke farawa. Katin hoto na kwamfuta da na waya alwatika yake zanawa. Duk murabba'in da ka kwana kana jerawa, kafin ya kai ga allo an raba shi biyu. Tsarin fayil na glTF da ake kai kaya intanet da shi bai san murabba'i ba, haka STL na injin buga abubuwa. Ba tun fil'azal haka abin yake ba, Sega Saturn ta 1994 da filaye masu gefe huɗu take zane, amma ita ce ta sha kaye a kasuwa, alwatika ta ci gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗigo uku kullum a shimfiɗe suke, ɗigo huɗu kuwa suna iya murɗewa. Murɗaɗɗen murabba'i ana iya raba shi ta hanya biyu, ɗaya ta ba da tudu, ɗaya ta ba da kwari. In ba kai ka raba ba, manhajar da ka sassaƙa a ciki za ta raba ta wata fuska, injin wasa ya raba ta wata, inuwar kumatu ta fito daban da yadda ka bar ta. Shi ya sa masu aikin wasanni suke mayar da ragarsu alwatika da hannunsu kafin su miƙa. Wanda ya rantse ba zai taɓa alwatika ba, in ji su, bai tsira daga gare ta ba, ya dai sallama wa na'ura zaɓin da ya kamata ya zama nasa.

Sannan su jawo wani lissafi da ya girmi na Catmull da sama da shekara 200. Wajen 1750 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya lura cewa duk rufaffen jiki marar huda, in ka ƙirga ɗigoginsa, ka debe layuka, ka ƙara filaye, 2 za ka samu. In filayen duka murabba'i ne, wannan ya wajabta abu guda: cibiyoyi masu uku sai sun ɗara masu biyar da takwas daidai, in babu masu shida ko fiye. Akwati yana da takwas ɗinsa a kusurwoyi. Kan mutum, in an rufe wuyan, yana da nasa a wani wuri, ko ka so ko ka ƙi. Dokar nan ce ta sa ƙwallon Telstar na gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko yake da baƙaƙen faci 12 masu gefe biyar a tsakanin farare 20 masu gefe shida. Ba ado ba ne, da masu gefe shida zalla ƙwallo ba zai rufu ba. Ko ka zaɓi fili ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar raga ka tunkuɗo shi waje don yin yatsa, nan take ka haifi cibiyoyi takwas, huɗu masu biyar a gindi, huɗu masu uku a kai. Ke nan raga marar cibiya mafarki ce.

Daga nan sai su kai naushin da suke ganin ya fi zafi. Ita dabarar Catmull da Clark ba ta ƙin alwatika. A zagayen farko take mayar da ita murabba'i uku, da cibiya mai uku a tsakiya. Fili mai gefe biyar ya koma murabba'i biyar da cibiya mai biyar. Ashe alwatika cibiya ce da ba ta riga ta bayyana ba. Me zai sa a yi maraba da wannan a kore waccan? Suzanne, kan birin nan da ke zuwa da Blender tun 2002, filaye 500 gare ta, 32 daga ciki alwatika ne, kuma babu ranar da ba a lausasa ta a wani wuri a duniya ba tare da ta tarwatse ba.

A wasannin waya da sauran wuraren da ake tsimin filaye, alwatika ma kayan aiki ce. Gwiwar hannu tana bukatar layuka da yawa ta waje, inda fata ke miƙewa, kaɗan ta ciki, inda take naɗewa. Mai tsimi sai ya sa uku ta waje, ya tattaro su zuwa ɗaya ta ciki da alwatika biyu a kowane gefe. Hannun ya lanƙwashe da kyau, an kuma rage nauyi.

'Yan ƙa'ida sun dawo

Ba mu taɓa cewa a kawar da cibiya ba, in ji su, cewa muka yi a san inda za a ajiye ta. Tela bai isa ya ɗinka riga ba mahaɗa ba, amma telan kirki a hammata da gefe yake ɓoye ta, ba ya ratsa ta a tsakiyar ƙirji. Euler ya faɗi yawan cibiyoyin, bai faɗi mazauninsu ba, sana'ar kuwa duk a mazaunin take. Akwai dabarun kora su. Ka juya layi ɗaya a tsakanin murabba'i biyu, ɗigogi biyu su rasa layi, biyu su samu, cibiya ta gusa gida ɗaya. Mai uku da mai biyar in suna kusa ana iya tura su tare, wani lokacin ma a haɗa su su kashe juna. Da su ake rage layuka in za a gangaro daga tafin hannu mai yatsu biyar zuwa wuyan hannu, ko daga fuska mai cunkoso zuwa ƙeya, uku su koma ɗaya, huɗu su koma biyu, duk ba tare da alwatika ba.

Game da cewa alwatika cibiya ce a ɓoye, sun yarda da lissafin, sun ƙi hukuncin. Raga ba don kallo kaɗai ake saƙa ta ba, don a ci gaba da aiki a kanta ne. A Blender, ka danne Alt ka taɓa layi, zoben gaba ɗaya ya haskaka tun daga nan har ya zagayo. Ka danna Ctrl da R, sabon zobe ya ratsa hannu ko wuya cikin ƙiftawa. Alwatika ɗaya a hanya ta tsayar da shi cak, sai ka koma yanka da wuƙa fili-fili. Ranar da darakta ya ce a ƙara wa gwarzo kaurin wuya, ranar za ka san kuɗinta. A gidan fim kuma ba mutum ɗaya ke riƙe da gwarzo ba. Wani zai feɗe ragar ya shimfiɗa ta don fenti, wani ya sa ƙasusuwa ya raba wa kowane ɗigo rabonsa na bin kowane ƙashi, wani ya sassaƙa yanayin fuska ɗaya bayan ɗaya. Mai rabon nauyi zobe-zobe yake aikinsa: wannan ya bi damtse gaba ɗaya, na gaba kashi uku cikin huɗu, na tsakiyar gwiwa rabi da rabi. Ragar da ba ta da zobba masu rufewa sai a yi mata ɗigo-ɗigo, aikin yini ya koma na mako.

Akwai kuma wani sirri da duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kashe alwatika ya sani. Ba a kashe ta ita kaɗai. Ramin da gefunansa suka zama mara, uku ko biyar ko bakwai, ba ya cikuwa da murabba'i zalla. Ko dai ka nemo mata 'yar'uwa ka haɗa su, ko ka yi ta kora ta har ta faɗa ramin hanci, ko cikin kunne, ko ƙarƙashin gashi. 'Yan ƙa'ida suna ganin wannan wahala ita ce makaranta. Wanda ya saba da ita ya daina jefa layi ba tare da ya san inda zai fita ba.

'Yan sassauci sun ce zamani ya wuce nan

Yanzu ba a fara gwarzo da jera filaye, sassaƙa shi ake yi. A ZBrush ko a sashen sassaƙa na Blender, mutum yana murza miliyoyin filaye bai ma san tsarinsu ba, sai ya gama sannan a sake saƙa raga mai sauƙi a kai. Wannan sake saƙar ita ce aikin da kowa ke ƙorafi a kansa, kuma na'ura ta daɗe da shiga cikinsa. ZRemesher ya zo a 2013. A 2015 Wenzel Jakob da abokan aikinsa suka saki Instant Meshes kyauta. Blender 2.81 ta zo da QuadriFlow a ƙarshen 2019. Abin da hannu zai yi kwanaki a kai, waɗannan cikin mintuna suke miƙo shi, kuma a wasunsu kana iya zana musu hanyar da layuka za su bi a kewayen ido da baki.

Ƙananan tabon da ake tsoro ma an samo musu mayafi. Tun zamanin wasan Doom 3 na 2004 masu wasanni suka saba da ɗauko duk tsagi da ƙofofin gashi daga babbar sassaƙa su gasa su a hoto, hoton ya riƙa gaya wa haske ta inda zai karkata. Fatar mutum kuma ba jikin mota ba ce, tana da kaushi, haskenta a watse yake, ɗan tuntuɓen lanƙwasa a kan cibiya ba kowa zai gan shi ba. Don gaɓoɓi akwai Delta Mush, dabarar da kamfanin Rhythm & Hues ya bayyana a 2014, wadda ke sassauta fatar da rabon nauyi ya yamutsa. Injin wasa na Unreal Engine 5 da ya fito a 2022 ya zo da Nanite, mai haɗiye miliyoyin alwatika yadda suka zo.

Sukan kuma yi wata tambaya mai ma'ana: wa zai gani? Gwarzon da ke sanye da babbar riga da rawani, kafaɗarsa da hammatarsa, wuraren da suka fi ko'ina wahalar saƙa, babu kyamarar da za ta kai gare su. Rigar ita ce za ta yi motsi, Marvelous Designer kuwa, manhajar da aka fi ɗinka tufafin kwamfuta da ita, da alwatika take fara aikinta, domin yadi mai ragar alwatika ba ya fifita wata fuska wajen naɗewa. Ga matashin da ke aiki shi kaɗai da tsohuwar kwamfutar cinya, yana tsere da ɗaukewar wuta, kwana uku a kan kafaɗar da ba za a gani ba asara ce, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Har a inda ake kula da raga sosai, ba lallai tsoka ce jagora ba. Kamfanin Arc System Works na Japan, a wasansa Guilty Gear Xrd na 2014, so ya yi gwarazansa su yi kama da zanen hannu. Kamar yadda Junya Motomura ya bayyana a taron masu ƙera wasanni na 2015 a San Francisco, da hannu suka riƙa gyara fuskar da ɗigogi ke kallo, domin inuwa ta faɗi a kumatu da kaifi yadda mai zane zai zana ta. Santsin da Catmull da Clark ke nema shi ne ainihin abin da su suke gudu.

Amsar 'yan ƙa'ida a nan gajera ce. Ragar da na'ura ta saƙa takan yi kyau daga nesa, amma ka zaɓi zobe ɗaya a damtse ka bi shi, sau da yawa ba ya rufewa, murɗawa yake ta yi har wuyan hannu. Na'ura siffa take gani a tsaye, ba ta san wannan tsagin baki ne zai buɗe ba, don haka tana iya dasa cibiya a kan fatar ido hankalinta kwance. Nanite kuma da duwatsu da gine-gine ya fara, sai a sigar 5.5 ta ƙarshen 2024 aka soma gwada shi a kan jiki mai ƙashi, kuma ko da ya iya zana miliyoyin filaye, wani ne zai raba musu nauyi.

Tankaɗe da rairaya

In aka zauna da hujjojin nan, abu na farko da ke fitowa shi ne ɓangarorin biyu ba gwarzo ɗaya suke magana a kai ba. Ɗan ƙa'ida fuskar da za ta cika allon silima yake hange, wadda za a lausasa, a haska ta gefe, ta yi kuka. Ɗan sassauci sojan da ke gudu a allon waya yake hange, ko gunkin da za a buga a ajiye a kan tebur. Kowanne ya ɗauki gaskiyar shagonsa ya mayar da ita dokar duniya.

A ganina, kalmar nan ta murabba'i zalla ba ta tsira daga bincike ba. Alwatika a bayan kunne, a tafin ƙafa, a kan sulke ko takalmin da ba ya lanƙwasa, ba ta cutar da kowa. Har ma akan samu wanda, don gudun alwatika ɗaya, ya ratsa jiki duka da zobe marar amfani, ko ya tara cibiya mai shida a wuri mai motsi, ya gyara ƙidaya ya ɓata fata. Wannan bautar doka ce. Murabba'in da aka murɗe har ya koma siffar alwatika don dai a ce gefensa huɗu, shi ma yaudarar kai ne.

Amma batun tafiyar layuka da mazaunin cibiya ya tsira, da ƙarfinsa ma. Duk misalan 'yan sassauci, in ka duba su da kyau, na mutanen da suka san inda suke ajiye abu ne. Mai tsimin filaye da ya sa alwatika a cikin gwiwar hannu ya san ta ina hannu ke naɗewa. Mutanen Arc System Works ba sakaci suka yi da raga ba, sun bauta mata fiye da kowa, sai dai inuwa suka bi maimakon tsoka. Ido ne alƙali, gaskiya ne, to amma idon da ya duba gwarzo a tsaye hannuwa a buɗe bai yanke hukunci ba tukuna. Sai an ɗaga hannun sama da kai, an durƙusar da shi, an sa shi hamma da dariya, an kawo fitila ta gefe. Yawancin ragar da ake cewa ta yi, a wannan jarrabawa take faɗuwa.

Inda ban ga an gama magana ba shi ne wa zai riƙa yin wannan aiki nan gaba, kuma ko ya dace sabon shiga ya ba shi watanni. MetaHuman da Epic Games ta fitar a 2021 ya ba kowane ɓangare makami. Duk mutanen da ake ƙerawa da shi, tsoho da matashiya, siriri da mai jiki, raga ɗaya suke amfani da ita, ɗigogin ne kawai ke gusawa. 'Yan ƙa'ida sun ce ga shaida, saboda an tsara zobban nan da kyau sau ɗaya ne ya sa motsin fuska ɗaya ke hawa kan kowa. 'Yan sassauci sun ce ai shi ke nan, tunda an saƙa ta sau ɗaya an gama, sauran mutane sai su ɗauko ta su lulluɓa wa sassaƙarsu, kamar yadda manyan gidajen fim suka daɗe suna ajiye ragar tushe suna maimaita ta. A kan fuskar ɗan Adam ta zahiri, ina jin 'yan sassauci sun fi kusa da gaskiya. Da wuya a ci gaba da biyan mutum don ya sake gano inda cibiyar kumatu take zama.

Sai dai ba kowane gwarzo ne ɗan Adam ba. Wanda ya tashi yin fim ɗin Gizo da Ƙoƙi ba zai sami ragar tushe ta gizo mai magana da tsamin baki a ajiye tana jiran sa ba. Ƙafafu takwas zai tunkuɗo daga ɗan ƙaramin ƙirji, kowace da cibiyoyi huɗu masu biyar a gindinta, 32 ke nan a wurin da ya fi ko'ina motsi. In ya matso da ƙafafun har suka haɗa ɗigo, na kusa da juna su narke su zama masu shida, tsukewar ta ƙaru. In ya raba su da zobe a tsakani, zoben nan sai ya zagaya ciki da baya ya nemi inda zai rufe. Zai iya miƙa wa QuadriFlow ya karɓi abin da ta ba shi, ya rufe gindin ƙafafun da gashi ko da 'yar riga, a fim ɗin yara na minti biyar mai yiwuwa babu wanda zai lura. Zai kuma iya zama ya kora cibiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasan ciki. Wanne ya fi masa ya danganta da kusancin da kyamara za ta yi da Gizo, da yawan fina-finan da yake niyyar yi da shi.